Kaskon ruwa domin karen gida



Bazara ta kankama. Daga watan Afirilu har ƙarshen Mayu, ma'aunin zafi a birnin Tawa yakan haura digiri 40 kusan kowace rana. Tabkuna sun ƙafe tun tuni. Ruwan rijiya ya ja ƙasa, igiyar wasaki ta ƙara tsawo. A kowane gida ana lissafin ruwa kamar yadda ake lissafin hatsi: wannan na sha, wannan na tuwo, wannan na alwala, wannan na awaki da jaki. Akwai mai rai guda a gidan da ba ya shiga lissafin. Shi ne kare.

Mun san wani zai yi dariya ya ce: mutane suna fama da ƙishirwa, jarida kuma tana zancen kare? Muna roƙonsa ya yi haƙuri ya karanta har ƙarshe. Ra'ayinmu shi ne, kaskon ruwan da aka ajiye wa kare a bazara, yaran gidan aka ajiye wa. Za mu faɗi dalili.

Abin da muka gani da idonmu

Kun sani da rani ake buɗe makarantun yaƙi da jahilci, domin lokacin ne babu aikin gona. Saboda haka cikin zafin nan muke zagayen duba azuzuwa. Wata rana cikin watan Mayu, wajen azahar, muka isa wani ƙauye a arewacin Affala. Ba mu gama sauka daga babur ba sai muka ji kururuwa: mahaukacin kare, mahaukacin kare! Yara suna ɗibar duwatsu, manya sun fito da sanduna. Muka hango wani jan kare, harshe waje, yawu yana dalala, yana tangaɗi kamar mai maye. Ya nufi kwamin da ake shayar da dabbobi a bakin rijiya. Bai kai ba aka kashe shi.

Muna tsaye aka yi haka, ba mu ce komai ba. Gaskiya ma mun ji sanyi a ranmu, domin mu ma tsoro ya kama mu.

Da marece, bayan an tashi daga karatu, wata ɗaliba ta tsaya. Mijinta ya tafi biɗa Abijan, ita ce da gida da yara. Ta ce karen nata ne. Da safe ya ci tuwonsa lafiya, ya yi wasa da yara. Za ta tafi kasuwa, ta sa ɗanta ya ɗaure shi a turke kusa da rumbu, don kada ya bi su. Sa'ad da aka ɗaure shi akwai inuwa a wurin. Rana ta ɗaga, inuwa ta kau, babu ruwa kusa. Ya yi ta fizga har igiya ta tsinke. Ta ce mana: "Mushe, karena bai haukace ba. Ƙishirwa ce." Kafin damana ta faɗi, dila ya ɗauke mata ƴan awaki biyu cikin dare, domin babu mai haushi a gidan.

Ba mu ga laifin mutanen ƙauyen nan ba. Wanda ya taɓa ganin mutumin da haukan kare ya kama ba zai tsaya tambaya ba. Laifin yana can baya, tun da safe, lokacin da aka ɗaure dabba aka tafi ba a aje mata ruwa ba.

Yadda zafi yake kama kare

Mutum in ya ji zafi, zufa ta karyo masa, iska ta busa, jiki ya huce. Jaki da doki ma suna zufa. Kare ba ya zufa sai ɗan kaɗan a tafin ƙafarsa. Hanyarsa ta hucewa ita ce haki. Yana buɗe baki, ya zaro harshe, ya yi ta numfashi da sauri. Ruwan da ke kan harshensa da maƙogwaronsa yana bushewa, yana tafiya da zafin jiki. Ke nan duk hakin da kare yake yi, ruwan jikinsa yake kashewa. In ruwan ya ƙare, hakin ba ya da amfani.

Zafin jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne. Na kare yana tsakanin 38 da 39. In ya haura 41, ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanji sun fara lalacewa. Ba ya ɗaukar yini. Sa'a ɗaya cikin rana, ko gudu mai tsawo da hantsi, ya isa. Kwikwiyo da tsohon kare da karya mai ciki ko mai shayarwa su suka fi saurin faɗuwa.

Zafin kuma ƙaruwa yake yi. A farkon Afirilun 2024 ma'auni ya kai digiri 48 da rabi a garin Kayes na ƙasar Mali, mutane da yawa suka mutu a ƙasar cikin ƴan kwanaki. Abin da ya kayar da mutum mai zufa, ina ga dabbar da ba ta da ita?

A garuruwanmu ana cewa zafin rana ne yake haukata kare. Wannan magana ba daidai ba ce, kuma ta jawo hasara mai yawa. Haukan kare ƙwayar cuta ce. Tana zaune cikin yawun dabbar da ta kamu. Tana shiga jikin wata dabba ko jikin mutum ta hanyar cizo, ko yakushi, ko lasar wurin da ke da rauni. Karen da ba a ciza ba, ko ya yini cikin rana, zai iya mutuwa da zafi, amma ba zai kamu da hauka ba.

To me ya sa tsofaffinmu suka haɗa hauka da bazara? Sun ga wani abu na gaskiya, fassarar ce ta kauce. Ku lura da karen da ba a ba shi ruwa a gida. Ba zai zauna ya mutu ba. Zai fita nema. Zai je bakin rijiya, ya je mahauta, ya je juji bayan kasuwa, ya bi garke har daji. Karnukan ƙauyuka uku ko huɗu duk a wuri guda suke haɗuwa, domin ruwan a wuri guda ya rage. Karnukan makiyaya masu wucewa ma nan suke zuwa. Da dare dila ya zo. Inda karnuka suka taru a kan ɗan ruwa kaɗan, sai an yi faɗa, sai an yi cizo. In ɗaya cikinsu yana ɗauke da cutar, ya raba wa sauran. Karenka ya komo gida da ɗan rauni a kunne, ba wanda ya kula. Bayan makonni ko watanni ya canza hali. Wa yake wasa da shi? Wa yake kai masa tuwo? Yara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Cikin kowane mutum 10 da suka mutu, kusan 4 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Kusan dukansu daga kare suka samo cutar. In alamunta suka bayyana a jikin mutum, babu magani, a likita ko a gida. Shi ya sa muka ce kaskon nan na yara ne. Karen da ya sha ya ƙoshi a gida yana rage yawo. In ya rage yawo, ya rage gamuwa da baƙin karnuka.

Ina za a samo ruwan?

Wannan ita ce tambaya mai nauyi, kuma mata ne suke da ikon yin ta. Su suke tashi da asuba, su suke jan wasaki, su suke ɗauko jarka a ka ko a jaki. Maza da yawa suna Abijan ko Libiya ko Najeriya, ba su ga wahalar ba. Ba za mu zauna cikin inuwar ofis mu ce wa mace ta ƙara sawu zuwa rijiya ba.

Amma mu yi lissafi tare, tun da mun koyi lissafi. Kare mai nauyin kilo 15 zuwa 20 yana shan kamar litar 1 a rana. A bazara ya sha litar 2, ko ya ɗan wuce. Jarka mai litar 25 za ta kai shi kwana 12. Saniya guda tana shanye jarkar nan a yini ɗaya, ta nemi ƙari. Ba wanda yake jin ƙyashin ba saniya, domin ana ganin nononta. Aikin kare da dare yake, lokacin da kowa yake barci, shi ya sa ba a ganinsa. Ku tambayi ɗalibar nan kuɗin ƴan awaki biyu, ku gwada da litar 2.

Sa'an nan ba lalle sai ruwan randa ba. Ƙasarin da aka wanke hatsi, wanda ake ba awaki, kare ma yana sha. A ɗiba masa kafin ya yi tsami. Ruwan ɗaurayar ƙwarya wanda babu sabulu a ciki ya yi. Abin da za a kiyaye shi ne ruwan wanki, da ruwan kanwa ko gishiri, da duk wani mazubi da aka taɓa zuba maganin ƙwari a ciki. Masu garka su ji wannan da kyau. Galan ɗin maganin feshi ko an wanke shi sau goma ba ya zama kwanon sha.

Mun ce kasko, ba mu ce kwanon ƙarfe ba. Ƙarfe yana ɗaukar zafi, ruwa ya zama kamar na shayi, kare ya ƙi sha. Kaskon yumɓu yana sanyaya ruwa kamar yadda tulu yake yi. Gindin tsohuwar tukunya da ta fashe ya wadatar. A binne rabinsa cikin ƙasa a inuwa don kada ya kife. A wanke shi a sake ruwa kullum, kada sauro ya yi ƙwai. Ya zama nasa shi kaɗai, ba a haɗa shi da kwanukan mutane.

Wani zai ce addini bai yarda da kare ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa an yarda a riƙe kare domin farauta, da kiwo, da tsaron gona. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai in ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai. Kuma cikin hadisan Buhari da Muslim akwai labarin mutumin da ya ga kare yana lasar ƙasa don ƙishirwa. Ya sauka rijiya, ya cika takalminsa da ruwa, ya hau ya shayar da shi, Allah ya gafarta masa. Wanda ya ajiye dabba, cinta da shanta suna wuyansa. Ku tambayi limaminku, zai ƙara muku bayani.

Inuwa tana tafiya

Wannan shi ne abin da yaron nan ya manta, kuma manya ma suna mantawa. Inuwar da ke yamma da katanga da safe, da azahar babu ita. Kafin ka ɗaure kare, tsaya ka tambayi kanka inda rana za ta kasance da azahar da la'asar. Gindin gawo ya fi, domin gawo da rani yake da ganye, da damana yake kaɗewa. Bedi ma yana da inuwa mai kauri. In babu itace, ƴar rumfar kara mai tsawon ƙugu ta isa. Kwanon rufi kuwa gasa abin da ke ƙarƙashinsa yake yi.

Kare ya san maganin kansa in an bar shi. Za ku gan shi yana tona rami a ƙarƙashin rumbu ko gindin randa, ya kwanta ya manna cikinsa a ƙasa mai sanyi. Kada a kore shi da jifa. In wurin bai dace ba, a zaɓa masa wani, a riƙa zuba ruwan alwala a nan. Ruwan da zai zube a banza ya zama shimfiɗarsa.

In dole ne a ɗaure, igiya ta kai taki biyar, ta kai shi ga ruwa da inuwa duka biyu. Kada a yi zarge a wuya, kada a ɗaure da waya. Mun sha ganin karnuka da gyambo zagaye da wuya, ƙuda suna bi.

Ƙasa ma abin lura ce. Mu muna da takalmi. Da tsakar rana yashi da duwatsun Adar suna ƙona tafin kare har fata ta saɓule. Ga gwaji mai sauƙi: ɗora bayan hannunka a ƙasa ka ƙirga bakwai. In ba ka iya jurewa ba, shi ma ba zai iya ba. Masu tafiya kasuwar Tawa ran Lahadi da amalanke, kada ku bar kare ya bi ku a ƙasa. Zai bi, domin ba ya san ya ƙi ubangidansa, har ya faɗi a hanya.

Maƙwabtanmu Buzaye na Azawak, wajen Abalak da Cintabaraden, suna da wani siririn kare mai dogayen ƙafafu da gajeren gashi, wanda yake kamo zomo da barewa da gudu. Tun shekarun 1970 aka fara kai irinsa Turai, kuma a 2019 babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta sa shi cikin rajistarta da sunan ƙasar da ya fito. Kare ne da ya saba da zafi ƙwarai. Duk da haka, ku je zangonsu da azahar, za ku same shi kwance cikin inuwar tanti tare da mutane. In na Azawak yana neman inuwa, namu na gida ba zai fi shi ƙarfi ba.

Kare ma yana gundura

Kada wani ya fahimce mu a karkace, ya ɗaure karensa dare da rana tun daga Afirilu har saukar ruwa. Karen da ya daɗe a turke, ba ya gudu, ba ya shinshina komai, ba mai kula shi, zuciyarsa tana ɓaci. Ya yi ta haushi ba dalili, ya ci igiya, ranar da ya kuɓuce ya ciji na farkon da ya gamu da shi. Abin da muke so shi ne a juya masa lokaci, yadda manomi yake juya nasa. Da asuba a sake shi ya raka yara kai awaki bakin gari, ya komo kafin hantsi ya yi zafi. Ya kwanta har la'asar sakaliya. Da marece a sake fita da shi.

Samari masu farauta, ku ne kuka fi kashe karnuka a bazara ba da nufi ba. Kare in ya ga zomo ba ya tuna zafi. Ku fita da sassafe, ku rataya gorar ruwa domin ku da shi, ku tsaya a inuwa bayan kowane gudu. In kun ga harshensa ya yi faɗi ya yi ja ƙwarai, farautar ranar ta ƙare.

A cikin gida, abin da zai ɗebe masa kewa ba ya cin ko dala. Babban ƙashin saniya wanda ba zai iya haɗiyewa ba zai riƙe shi yini guda yana gwaguya. Ƙashin kaza ko na zabo da aka dafa kuwa yana tsagewa kamar allura, ya huda hanji, kada a ba shi. Yara su ɗinka ƙwallon tsumma su riƙa jefa masa da marece. Su ɓoye ɗan tuwo a ƙarƙashin sakaina su bar shi ya nemo da hanci. Su sa masa suna, su koya masa zuwa in an kira shi, su saba masa da igiya da taɓawar hannu tun yana kwikwiyo.

Wannan wasa yana da ranarsa. Ranar da ma'aikacin kiwo ya zo da allura, karen da ya san sunansa, ya yarda a riƙe shi, shi ake iya yi wa. Wanda bai san komai daga hannun mutum ba sai dutse, da ya ga baƙo ya shige daji. A ƙasashe da yawa na Afirka, yara ne suke jawo karnuka zuwa wurin allura, domin su karnukan suka sani. Sai dai a koya wa yaran iyaka. Ba a jan wutsiya. Ba a taɓa kare yana ci ko yana barci. Ba a matsa wa karya mai ƴaƴa. Zafi yana rage haƙurin dabba kamar yadda yake rage namu.

Abinci a ba shi da sanyin safiya ko da dare. Mu mutanen Adar ƙasar albasa muke, kuma a bazara ake cire ta, tana zube ko'ina. Ku sani albasa da tafarnuwa guba ne ga kare, ɗanye ko dafaffe. Suna fasa ƙwayoyin jininsa, ya yi laushi, fitsarinsa ya yi ja. Tuwo da ɗan nono ya fi masa sauran miyar da ta sha albasa. Kuma shekarun nan Babbar Salla cikin zafi take faɗowa, a 2025 a farkon watan Yuni aka yi ta. In an yanka rago aka ga huhu ko hanta da ƙululun ruwa, kada a jefa wa kare. Ƙwayar tsutsa ce a ciki. Tana girma a hanjinsa, ƙwanta ya fito cikin kashinsa, ya koma ga tumaki da mutane. A haƙa rami mai zurfi a binne, ko a ƙone.

Zafi ne ko hauka?

Nan ne wurin da ya kamata a karanta sau biyu, a kuma karanta wa wanda bai iya ba.

Karen da zafi ya buge, da safe lafiyarsa lau. Abin ya same shi cikin sa'o'i kaɗan, bayan ya daɗe a rana ko ya yi gudu. Yana haki da ƙarfi, harshe ja, yawu mai kauri, jiki da zafi. Yana iya yin amai ko zawo, ya yi tangaɗi, ya faɗi. Inuwa da ruwa yake nema, ba faɗa ba.

Mai hauka kuwa halinsa ne yake canzawa cikin kwanaki. Mai fara'a ya koma ɓuya, ko mai tsoro ya koma bin mutane. Muryarsa ta sake. Yana cizon itace, da dutse, da igiya, da duk abin da ya gifta. Wani ba ya faɗa ko kaɗan, sai haɓarsa ta saki, baki a buɗe, ya kasa haɗiya, kamar ƙashi ya maƙale masa. Wannan shi ya fi yaudara. Mutane sukan sa hannu a bakinsa don su ciro ƙashin, su kwashi cuta. Kada ku gwada shi da ruwa ku ce in ya sha ba mahaukaci ba ne. Tsoron ruwa ga mutum yake bayyana, kare mai hauka yana iya zuwa bakin ruwa. Daga bayyanar alamu, ba ya wuce kwana 10 sai ya mutu.

In karenka ne, kuma ka san rana ce ta buge shi, kada ka jira. Kai shi inuwa. Kwarara masa ruwan randa a wuya, da ciki, da cinyoyi, ka yi masa fifita. Kada ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, buhun zai riƙe zafin. In yana iya sha, ba shi kaɗan kaɗan. In ba ya iya ɗaga kai, kada ka ɗura masa, zai shaƙe. Sai ya huce sa'an nan a nemi ma'aikacin kiwo, domin wani lahanin sai bayan kwana ɗaya ko biyu yake fitowa.

In baƙon kare ne, ko kana shakka, kada ka taɓa shi. A janye yara, a rufe dabbobi, a sanar da mai gari da ma'aikacin kiwo. Ran mutum yana gaba.

In kuwa an yi cizo, ko ƙarami ne, ko yakushi ne, aiki na farko wanki ne. A wanke raunin da ruwa da sabulu minti 15 cur, ana zuba ruwa yana gudu. Ranar nan ba a tsimin ruwa. Kada a ɗaure raunin, kada a sa toka ko barkono ko gashin karen. Sa'an nan a tafi likita a ranar, ba gobe ba. In babu allurar a likitar ƙauye, a nemi takardar zuwa Tawa. Allurar ba ɗaya ba ce, sai an koma, kuma dole a cika ta. Cutar takan kwanta a jiki wata 2 ko 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Warkewar rauni ba ta nuna an tsira. Allurar nan ba sabuwa ba ce. Tun 1885 wani masani a Faransa, Louis Pasteur, ya ceci yaro ɗan shekara 9 da ita. Abin baƙin ciki ne a ce bayan shekara 140 har yanzu ana binne yara saboda cizon kare.

Karen da ya yi cizon, in na gida ne kuma ana iya tsare shi ba tare da haɗari ba, a tsare shi kwana 10 zuwa 15 yadda ma'aikacin kiwo ya ce, da ruwa da abinci da inuwa. In ya wuce kwanakin lafiya, hankali ya kwanta. Amma wanda aka ciza ba ya zaman jiran wannan, shi ya riga ya fara allura.

Kiranmu ga hukumomi

Duk sa'ad da aka yi cizo a gari, abin da aka saba shi ne a bi karnuka da sanda ko a zuba musu guba. Masana lafiya na duniya sun daɗe da nuna cewa wannan ba ya kashe cutar. Wasu karnukan suna cike gurbin cikin ƴan watanni. Gubar kuma tana kashe angulu da kyanwa, tana iya kaiwa ga yaro. Abin da yake tsayar da cutar shi ne a yi wa karnuka 7 cikin kowane 10 allurar rigakafi. An gwada haka kusa da mu. A birnin Njamena na Cadi, a 2012 da 2013, an yi wa fiye da kashi 70 cikin 100 na karnuka allura. Cutar ta ɓace daga karnukan birnin watanni da dama. Daga baya ta sake shigowa ta hanyar karnukan waje. Darasin a fili yake: aikin na kowace shekara ne, kuma sai ƙauyuka sun yi tare da birni.

Kowace shekara ma'aikatan kiwo suna zagaya ƙauyukanmu, su yi wa shanu allurar ciwon huhu, su yi wa awaki da tumaki tasu. Motar ta riga ta zo, akwatin sanyi ya riga ya zo. Muna roƙon hukumomin Affala, da hukumar kiwo ta jahar Tawa, su duba yadda za a sa allurar kare cikin akwatin nan. Ana fara ta tun kwikwiyo yana wata 3, a riƙa sabuntawa. Ƙasashen duniya sun ɗauki alkawarin kawar da mutuwar mutane ta haukan kare kafin 2030, kuma 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da wannan yaƙi. Shekarun da suka rage ana ƙirga su da yatsun hannu ɗaya.

Hukuma ba za ta kawo allura ba sai ta san adadi, kuma a nan ne ajinku yake da aiki. Mun umarci malaman dukan makarantunmu na yankin Affala su ba da wannan a matsayin darasin mako mai zuwa. Kowane ɗalibi ya ɗauki gida biyar na unguwarsa. Ya ja layi uku a takarda. A layi na farko ya rubuta karnuka nawa ne a gidan. A na biyu, ko an aje musu ruwa a inuwa, i ko a'a. A na uku, ko an taɓa yi musu allura. Malami ya haɗa jimla a allo tare da ku, ya sa hannu, mai gari ya shaida. Za mu karɓi takardun a zagayenmu na ƙarshe kafin a rufe karatu, mu kai su ofishin kiwo da hannunmu. Wanda ba ya da takarda ya yagi shafin ƙarshe na littafin lissafinsa.